Daga Walakiri Zuwa Mugambo: Sunayen Ban Tsoro a Ƙasar Guddiri

Yaron da ya tashi a Zadawa, ko a Azare, ko a tsohon garin Katagum, ya san sunan Walakiri tun bai iya ɗaure wandonsa ba. Ya ji shi a bakin kaka ranar da ya ƙi tashi sallar asuba, ya ji shi a waƙar masu bara, ya kuma ji labarin kulkinsa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, babu mai wannan suna a littattafan Larabci. Abin da ke can shi ne Munkar wa Nakir, mala'iku biyu masu tambayar kabari, kuma "wa" ɗin da ke tsakani ba ta cikin sunan kowa, harafin haɗi ce daidai da "da" tamu. Kunnen Bahaushe ya ji ta manne da suna na biyu sai ya kwashe su tare, harshensa ya mai da "n" ta koma "l", ya ƙara wasali a ƙarshe kamar yadda yake yi wa kowace baƙuwar kalma, aka sami Walakiri. Shi mala'ika ne, ba mugu ba, amma hanyar da sunansa ya biyo ita ce hanyar da sunayen miyagu da dodannin labaranmu suka biyo. Baƙon suna ba ya zuwa da tsoronsa a jaka. Sai ya bi ta bakin mutane sun sassaƙe shi daidai harshensu, sun ɗora masa wani aiki da suka sani, sannan yake fara sa gaba ta faɗi. Kuma ba a kowane harshe Bahaushe yake wannan aro ba, sai a harshen da ke da iko a kansa, ko ikon littafi, ko na bindiga, ko na majigi.

Masu nazarin adabin Turai sun daɗe da lura cewa marubutansu na son sa wa mugun labari suna daga wani yare. Bram Stoker, ɗan ƙasar Ailan, da wani suna daban ya fara kiran mai shan jinin littafinsa, har ya ci karo da kalmar Dracula a wani littafin tarihin Walakiya, cikin Romaniya ta yau, inda aka ce tana nufin shaiɗan. Da wannan sunan littafin ya fito a 1897. Sax Rohmer ya ƙago Fu Manchu a lokacin da Ingila ke fama da fargabar mutanen Sin, littafin farko ya fito a 1913. Tun kafin su, Girkawan dauri suna kiran duk wanda ba ya jin harshensu barbaros, don a kunnensu maganarsa "bar-bar" ce kawai. A kan irin waɗannan misalai aka gina bayanin da ya zama ruwan dare, wai ɗan Adam yana tsoron abin da bai gane ba, saboda haka yaren baƙo, musamman baƙon da aka raina, shi ne rumbun da ake ɗebo sunayen miyagu. Bayanin ya zauna daram a kan Fu Manchu. Amma in aka ɗauko shi aka aza a kan labaran ƙasar Hausa sai ya ƙi zama, kuma inda ya fi nuna ɗingishinsa shi ne gabashin ƙasar, wurin da harsuna suka fi cakuɗuwa.

Ƙasar Katagum, wadda mutanenta ke kira Guddiri, bakin iyaka ce tun fil azal. Kafin jihadi, Shira da Tashena da Auyo suna ƙarƙashin inuwar Barno, kuma masu tarihin yankin suna danganta sunan Guddiri da wani kirari mai nufin ƙaramar Barno. Malam Ibrahim Zaki ya karɓo tuta ya kafa masarautar wajen 1807, ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu, aka yi masa laƙabi da Sarkin Barno. A 1826 Shehu Laminu na Barno ya biyo ta nan da rundunarsa don ramuwa. Turawan Ingila suka shigo a 1903, aka mayar da fada Azare a 1916, aka haɗa masarautar da lardin Bauchi a 1926. A kasuwannin wannan yanki ana jin Guddiranci, ana jin Fulatanci da Barbarci, ana jin harsunan Karekare da Ngizim da Bade. Da a ce baƙuntar sauti kaɗai ke haifar da sunan tsoro, da nan ne za a tarar da tatsuniya cike da dodanni masu sunayen Karekare da mayu masu sunayen Bade, tunda ga harsunan a ƙofar gida, ba sai an yi tafiya ba. Taskar tatsuniyoyin Hausa ba ta nuna haka ba. Sunayen da suka kama suka zauna, daga nesa suka zo, kuma kowanne ya zo ne a bayan wani mai ƙarfi.

A ƙasan komai akwai tatsuniya, miyagunta kuwa 'yan gida ne. Wanda ya duba abin da Frank Edgar ya tattara a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, ko abin da Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar wa 'yan makaranta a farkon shekarun 1970, ayari ɗaya zai yi ta gamuwa da shi: Dodo mai haɗiye mutane, Kura mai kwaɗayi da wauta, mayya, kishiyar uwa mai aika marainiya rafin da ba a dawowa, da Gizo wanda sharrinsa ya fi ƙarfinsa. Babu wanda ke buƙatar tafinta a cikinsu. Hasali ma, abin da Bahaushe ya fi tsoro a zahiri ba ya son kama sunansa ko kaɗan. Maciji da dare igiyar ƙasa ne, aljanu mutanen ɓoye ne, zaki manyan dawa ne, domin suna linzami ne, in ka ja shi mai shi zai waiwayo. Wannan ɗabi'a ta bar wa mai labari matsala. Tsoron da ke kusa, wanda zai iya shigowa ɗaki cikin dare, an lulluɓe shi da sakaya, alhali hira tana buƙatar mugun da za a kira da babbar murya a tsakar gida ba tare da an gayyato shi ba. Baƙon suna ya dace da wannan aiki, don mai shi yana nesa, ko a wata ƙasa, ko a wani zamani da ya wuce, ko can ƙarshen duniya.

Makarantar allo ce ta kawo irin waɗannan sunaye, kuma ta hannun Barno yawancin karatun ya iso Guddiri, abin da kalmomin gwani da tsangaya ke shaidawa har gobe. Yaro yana haddace sunayen tun bai san ma'anarsu ba. Abu Lahabi da matarsa mai ɗaukar itace suna cikin allunan farko da zai wanke, sannan in ya yi nisa ya haɗu da Fir'auna da wazirinsa Hamana, da Ƙaruna da taskokinsa, da Yajuju da Majuju na Suratul Kahfi, da Ifritun da ya yi wa Annabi Sulaimanu tayin ɗauko gadon sarautar Bilkisu. Daga baya, a zauren tafsirin azumi, malami ya warware masa labarin kowanne dalla-dalla, ya ƙaro waɗanda Alƙur'ani bai kama sunansu ba, irin su Namarudu da sauro ya shiga hancinsa, da Dujal mai ido ɗaya na hadisan ƙarshen zamani. Waƙoƙin wa'azi na ajami, tun daga na zamanin Nana Asma'u har zuwa Imfiraji ta Aliyu Namangi, suka kai wa'azin kabari da wuta ƙofar kowane gida ta bakin makafi da almajirai, har matar da ba ta taɓa zuwa makaranta ba ta san su. Da labaran Dare Dubu da Ɗaya suka shigo Hausa, ifritai da maridai suka fito daga zauren karatu suka shiga dandalin hira, suka zauna kusa da Dodo, wani lokaci ma suka ture shi.

Nan bayanin ƙyamar baƙo ya fara tuntuɓe. Larabci ba yaren da aka raina ba ne a Guddiri. Shi ne harshen salla da shari'a da wasiƙar sarki, shi ne kuma harshen sunan da ake raɗa wa jariri ran bakwai. A rijiya ɗaya aka ɗebo Musa da Fir'auna, aka ɗebo Ibrahim da Namarudu, kuma abin da ya ba sunan Fir'auna nauyi shi ne an ji labarinsa daga bakin da ba a yi wa musu. Ma'anar kalmar ba ta da hannu a ciki, domin a harshen Misirawan dauri "babban gida" take nufi, wato fada. Yanka jarirai da da'awar allantaka su suka cika ta da abin da take ɗauke da shi. Shaidar cewa aiki ne ke riƙe da suna ita ce yadda sunayen ke hucewa in aka raba su da labarinsu. Shaƙiyyi a Larabci taɓaɓɓe ne wanda ya yi asarar lahira, a bakin Bahaushe kuwa ya koma abokin da ya iya tsokana. Uwa takan ce da ɗanta mai ƙiriniya shaiɗani ko ibilishi tana murmushi. Amma Fir'auna da Ƙaruna ba su huce ba, saboda kowace shekara ana sake ba da labarinsu, shi ya sa har yau in aka kira maigida mai tsanani da na farko, ko attajirin da ba ya fid da zakka da na biyu, magana ta kai inda aka aike ta.

Tarihin yankin da kansa ya ba da misalai biyu da suka fi na littafi ƙarfi. Cikakken laƙabin wanda ya kafa Katagum shi ne Zakiyul Ƙalbi, mai tsarkin zuciya, suna irin na malami mai taƙawa. Bakin jama'a ya datse shi ya koma Zaki, kuma duk Bahaushen da ya ji an ce Malam Zaki ya ci gari kaza, manyan dawa ne ke faɗo masa a rai kafin tsarkin zuciya. Kalmar Larabci mai laushi ta faɗa cikin kalmar Hausa mai farata, kuma yaƙe-yaƙen mutumin suka sa babu wanda ya ga wani saɓani. Na biyu shi ne Buhari, Sarkin Haɗeja, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye a tsakiyar ƙarni na 19, ya hana maƙwabtansa barci, har da Katagum da gabashin ƙasar Kano, har rasuwarsa a 1863. Sunan nan na malamin da ya tattara mafi ingancin littafin hadisi ne, littafin da ake buɗewa da alwala. A Haɗeja gwarzo ne da ake yi wa kirari, a garuruwan da dawakinsa suka taka kuwa an daɗe ana ambatonsa da wata murya daban. Baƙaƙen sunan ba su sauya ba daga wannan gari zuwa wancan. Abin da ya sauya shi ne wanda ke bisa doki da wanda ke gudu a ƙasa.

Babu sunan da ya fito da wannan fili kamar na Rabeh. An haife shi kusa da Khartum, ya yi aikin soja a ƙarƙashin Zubairu Rahma, babban mai fataucin bayi na kudancin Sudan, ya yiwo yamma da 'yan bindigarsa bayan 1879, ya ci Bagirmi, sannan a 1893 ya karya rundunar Shehu Hashimi na Barno, ya ƙone Kukawa, ya kafa mazauninsa a Dikwa. Daular da ta yi ɗaruruwan shekaru ana ɗaga kai a dube ta, ta faɗi cikin 'yan watanni a hannun mutumin da jiya ba a san shi ba. Masu gudun hijira suka kwararo yamma kowa da labarinsa, mayaƙansa suka taɓa ƙasar Bade da ke maƙwabtaka da Katagum. Faransawa suka kashe shi a Kuseri ran 22 ga Afrilu 1900, suka bi ɗansa Fadlallah har Gujba suka kashe shi a 1901. Shekara bakwai kacal ya yi a Barno, amma sunansa ya zama abin da ake auna bala'i da shi a can da kewayenta. To, me sunan ke nufi? Rabih a Larabci mai cin riba ne, saiwarsu ɗaya da ribar da 'yan kasuwar Azare ke lissafawa kowace yamma, Fadlallah kuwa falalar Allah. A Katsina da Kano, Rabe suna ne na kowa, na tela da na direba, ba ya sa kowa ya waiga. Wutar Kukawa ce ta shiga sunan, kuma iyakar inda labarin wutar ya kai, nan tsoron ya tsaya.

Da Turawa suka zo, aron ya sauya salo. Clapperton da Oudney sun iso ƙasar Katagum a Janairun 1824, Oudney ya mutu a Murmur ran 12 ga watan, Clapperton kuwa da sunan Abdullahi yake yawo, har ya gaisa da Sarkin Katagum Ɗankauwa, don ya gane cewa sunan Larabci ne ke buɗe ƙofa. Bayan an ci ƙasa, jama'a ba su mai da sunayen Turawan mulki na dodanni ba, sai ma suka yi musu laƙabin gida, wannan Ɗan Hausa, wancan Mai Jimina, Lugard ya koma Lugga. Abin da aka ara don tsoro muƙami ne, Razdan da Di'o da Joji da Kyaftin, domin mutum yakan tafi hutu a kawo wani, amma kujerar da ke karɓar haraji da ɗibar mutane aikin tilas tana nan. Haka aka yi da Barno tun da fari: sarautu aka ɗauko daga gare ta, Galadima da Ciroma da Yarima da Kacalla. Misalin da ya fi kowanne bayyana daga Nijar ya fito. Wajen 1925, a yankin Filinge, wasu sababbin iskoki suka ɓullo, waɗanda ake kira Babule ko Hauka, masu fareti da ba da oda kamar sojan Faransa. Kwamandan Yamai, Crocicchia, ya sa aka kama masu hawan aka ɗaure, ba a jima ba sai ga shi ya zama iska a cikinsu, da sunan Komanda Mugu. Rabin sunan Faransanci, rabi Hausa: muƙamin daga mai iko, hukuncin daga wanda ake mulka.

Marubutan boko na farko, waɗanda gasar Rupert East ta 1933 a Zariya ta fito da su, sun gaji duk waɗannan rumbuna, kuma zaɓin da suka yi abin lura ne. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Jamusawa ya zuba a Magana Jari Ce, amma babban maƙiyin littafi na farko da muƙaminsa aka san shi, Waziri, kuma cin amanar ubangidansa ne ke sa a ƙi shi. Abokin karawar Alhaji Imam a Ruwan Bagaja, Malam Zurƙe ɗan Muhamman, ɗan gida ne tun daga suna har hali. Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan lardin Bauchi, ya sa wa mai harin bayi a Shaihu Umar suna Gumuzu, Balaraben labarin kuwa, Abdulkarim, shi ne ya riƙi yaron ya sa shi a hanyar ilimi. Daga baya Ahmadu Ingawa ya ɗauko labarin wani jarumin Rasha ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi. Ya bar wa sarki da birninsa sunayensu na asali bayan ya lanƙwasa su, Waldima da Kib, amma da ya zo kan ƙaton da yake so mai karatu ya ji girmansa a jika, sai ya kira shi Wargaji. Sunan Rasha ba zai yi masa wannan aiki ba, domin a lokacin Rasha ba ta taɓa ƙona wa Bahaushe gari ba, ba ta kuma taɓa koya masa salla ba. Baƙuwa ce ƙwarai, amma baƙuntar da ba ta da tarihi ba ta razana kowa.

Majigi ya kawo iko na uku. Finafinan Indiya da suka mamaye gidajen silima na Arewa, daga baya suka shiga gidajen kallo da kaset, sun zo da nasu miyagun, kuma biyu sun fi sauran zama a baki: Gabbar Singh na Sholay, fim ɗin 1975, wanda Amjad Khan ya fito a matsayinsa, da Mogambo na Mr. India, fim ɗin 1987, wanda Amrish Puri ya fito a matsayinsa. Yawon wannan suna na biyu ya isa darasi. Mogambo sunan wani fim ne na Amurka na 1953 da aka ɗauka a Afirka, kalmar da ke yi wa Ba'amurke amon daji da namun dawa. Sai ga ta ta ɓulla a Indiya a kan mugun fim, daga can ta dawo Afirka a matsayin sunan Indiya. Da ta iso nan aka ce Mugambo, kuma wanda ya ji, ya ji "mugu" a gaba, ya ji Gambo a baya, sunan da ake ba wanda ya biyo tagwaye. Abin da ya faru da Walakiri ne ya sake faruwa. Kalmar da ta haɗe su duka kuwa, bos, muƙami ce ta Turanci kamar Razdan, sai dai a bakin yaran gidan kallo ta bar nufin shugaban ma'aikata ta koma wanda akta zai kashe a ƙarshe. Da masana'antar finafinan Hausa ta tashi neman nata mugun, laƙabin da ya bi Shu'aibu Lawan har ya danne sunansa na yanka shi ne Kumurci, macijin da kowa ya sani a bayan gari.

Mai musu zai ce an raina sauti. Zai kafa hujja da littattafan yaƙi da suka cika kasuwar littattafan Kano, cike da bokaye da sadaukai masu sunayen da ba na kowane yare ba, an dai jera baƙaƙe masu kauri an rufe da "bin wane", an aza su a Farisa ko Rum ko Birnin Sin. Babu wani aiki da ya riga waɗannan sunaye zuwa, ga shi kuwa suna sa gashin mai karatu ya tashi. Gaskiya ne sauti yana da rabonsa, kuma Gumuzu da Wargaji sun nuna cewa Hausa tana da nata amon nauyi, irin wanda ke cikin gabjeje da shirgege da rusheshe. Amma a saurari sautin da marubutan nan ke kwaikwaya. Ba na Sinanci ba ne ko da labarin a Sin yake, ba kuma na Yarbanci ko na Karekare ba, amon Larabci ne, irin wanda kunne ya saba ji a tafsiri gab da za a ambaci halakar wasu mutane. Guzurin da tsangaya ta yi ɗaruruwan shekaru tana tarawa suke ci. Kuma abin ba ya jimawa. Mai karatu na rufe littafi sunan ya bi iska, da wuya a ji an kira azzalumin unguwa da ɗaya daga cikinsu, alhali Fir'auna yana nan inda yake. Sauti yana iya sa mutum ya waigo, amma ba shi ke tsayar da shi ba.

Wani kuma zai ce ana wanke Bahaushe ne daga laifin da kowace al'umma ke da shi. Laifin yana nan, ya dai bi ta wata hanya. Labarin asalin Hausa Bakwai da kansa ya sa baƙo daga Bagadaza ya zama jarumi, macijin rijiyar Kusugu kuwa, abin tsoron gari, sunansa Sarki, kuma har yau ana cewa baƙonka annabinka. Amma maƙwabcin da ba shi da iko bai tsira ba. Ba a ba shi rigar dodo ba, rigar wawa aka ba shi. Labaran Bamaguje da Bagwari da Bafillatanin daji da ya shigo birni, duk na ban dariya ne, kuma kalmomi irin su gwaranci da baubawa shaida ne cewa an raina bakin da bai iya Hausa ba. Tsakanin Fulani da Barebari, waɗanda suka zubar da jinin juna a kan wannan ƙasa ta Guddiri, abin ya lafa ya koma wasan taubasai, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa ana dariya. Wato Bahaushe yakan ɗaga kai sama in zai ari sunan tsoro, ya sunkuya ƙasa in zai ari abin dariya. Wannan ba abin yabo ba ne, amma ya bambanta da na mai Fu Manchu, kuma yana da amfani ga mai tarihi: wanda ke son sanin yadda mutanen wani zamani suka auna ƙarfin al'ummun da ke kewaye da su, ya duba wa suka ba wace riga.

Misali na baya-bayan nan da jini ya zo. Ƙungiyar da ta tashi bama-bamai a Azare a 2014 ta raɗa wa kanta dogon suna na Larabci, Jama'atu Ahlis Sunna Lidda'awati wal Jihad, domin ta san darajar harshen a kunnen mutanen da take son ta mallaka. Jama'a suka ƙi karɓa, suka kira ta da kalmomi biyu da kowa ke faɗa a kasuwa, Boko Haram, sunan da ita kanta ta ƙi jini, kuma da abin ya yi tsanani mutane da yawa ko wannan ba sa furtawa, sai sakaya, kamar yadda ake yi wa maciji da dare. Abin da ya shigo gida ya koma ƙarƙashin tsohuwar dokar tatsuniya. Yanzu kuma bindiga ta koma daji, sai ga rigar tana sauyawa a idonmu: makiyayin da jiya ake ba da labarinsa don dariya, yau shi ake ɗauko wa rigar dodo, da lafazinsa da sandarsa da sunayen rugarsa. Tarihin da aka bi a sama ya nuna yadda hakan ke faruwa, amma ya kuma nuna nauyin da ke kan mai alƙalami da mai ɗaukar fim, tunda su ma suna cikin masu cika suna da aiki. Rabeh da hannunsa ya ɓata nasa sunan. Marubucin da ya ɗauki sunan wata ƙabila mai rai ya laƙaba wa bos, sunan dubban mutanen da ba su ji ba su gani ba yake ɓatawa. Fir'auna ba shi da jika a kasuwar Azare da zai sunkuyar da kai in an kira sunan kakansa. Jauro makiyayi kuwa yana da su, kuma ran kasuwa suna nan da ƙwaryar nono a gefen hanya.